THOMAS YOUNG: LIKITAN DA YA KOYI HALIN HASKE DAGA RAƘUMAN RUWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse ya san wasan da yara suke yi a bakin kududdufi da damina. Yaro ya jefa tsakuwa, sai zobba su tashi suna faɗaɗa har su kai gaɓa. In yara biyu suka jefa tare, zobban sukan haɗu, su ratsa juna, kowanne ya wuce abinsa. Yawancinmu mun gani, mun wuce. A wannan mako mun kawo muku labarin wani likita Bature wanda ya tsaya ya yi tunani a kan irin wannan haɗuwa, har ta kai shi ga gane yadda haske yake tafiya. An yi masa ba'a saboda abin da ya faɗa, aka yi watsi da shi shekaru da dama, amma daga baya gaskiya ta yi halinta.

Ƙuruciyarsa

An haifi Thomas Young ran 13 ga Yuni, 1773, a ƙauyen Milverton da ke kudu maso yammacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Iyayensa masu bi ne na ɗarikar Kweka, mutanen da aka sani da sauƙin tufafi, da ƙin rantsuwa, da ƙin yaƙi, da tsayawa a kan magana ɗaya. Yana da shekara biyu ya iya karatu. Bisa ga abin da shi kansa ya rubuta game da ƙuruciyarsa, kafin ya wuce shekara huɗu ya karance Littafi Mai Tsarki sau biyu. Da ya kai shekara goma sha huɗu ya riga ya ƙware a Helenanci da Latin, yana kuma karatun Ibrananci, da Larabci, da Farisanci, da Faransanci, da Italiyanci. Mafi yawan wannan karatu shi kaɗai ya yi shi, da littafi da alƙalami.

Akwai wani abu a ƙuruciyarsa da ya shafe mu mutanen Afirka. A zamanin nan sukarin da ake sha a Ingila daga gonakin rake yake zuwa, inda bayin da aka kwashe daga ƙasashenmu suke aiki. Young, tun yana saurayi, ya daina shan sukari domin kada ya sa hannu cikin cinikin bayi, ko da yake waɗansu danginsa suna ganin abin ya yi yawa. Wannan taurin kai a kan abin da ya tabbata gaskiya ne, shi ya bi shi har ƙarshen ransa.

Ya fara koyon aikin likita a Landan a 1792. Bai daɗe ba ya rubuta takarda a kan yadda ido yake gyara kansa domin ganin abu na kusa da na nesa, kuma saboda ita aka zaɓe shi ɗan babbar ƙungiyar masana ta Royal Society a 1794, yana ɗan shekara 21. Daga nan ya je Edinburgh, sa'an nan Göttingen a ƙasar Jamus, inda ya sami digirin likita a 1796. A 1797 ya shiga Jami'ar Cambridge. A wajen wannan lokaci ne ya bar ɗarikar Kweka ya koma Ekklesiyar Ingila. A ƙarshen shekarar wani kakansa na wajen uwa, Likita Richard Brocklesby, ya rasu ya bar masa gida a Landan da fam 10,000. Wannan gādo ya ba shi sararin yin bincike ba tare da tunanin abinci ba.

Daga murya zuwa raƙuman ruwa

A Göttingen ya yi jawabi a kan yadda muryar ɗan adam take fita. Wannan ya sa shi tambayar mene ne sauti, tambayar kuwa ta kai shi ga raƙuma. Mu masu karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa mun san kalmar raƙuman ruwa daga labarin hadarin da ya taso wa almajirai a Tekun Galili. Hausawa sun iya sa suna, gama raƙumin ruwa yana da tozo, bayan tozo kuma akwai kwari.

Abu na fari da ya kamata mu gane shi ne, ruwan ba ya tafiya tare da raƙumin. Ku je madatsar ruwa ta Warwade, ku jefa ɓawon gyaɗa a ruwa, sa'an nan ku jefa tsakuwa kusa da shi. Raƙuman za su wuce, ɓawon kuwa zai hau ya sauka a inda yake. Motsi ne yake tafiya, da ƙarfin da yake ɗauke da shi.

Kowane irin raƙumi ana auna shi da abu huɗu. Na ɗaya, tsayin tozo, wanda yake nuna ƙarfinsa. Na biyu, nisan da ke tsakanin tozo da tozo, wato tsawon zango. Na uku, yawan tozon da yake wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Na huɗu, saurin tafiyarsa. In an riɓa tsawon zango da yawan tozon da ke wucewa a daƙiƙa, sai a sami saurin.

Sauti ma haka yake, sai dai a cikin iska yake tafiya. Sa'ad da ɗaya daga cikin zumuntar mata ta bugi bakin tulu a lokacin waƙa, iskar da ke ciki takan matsu ta saki, ta matsa wadda ke kusa da ita, ita ma ta matsa ta gaba, har abin ya kai ga kunne. Bugu mai ƙarfi yana ba da babban tozo, wato ƙara mai yawa. Kaɗawa da sauri tana ba da siririyar murya, kaɗawa a hankali kuma babbar murya. Shi ya sa makaɗin kalangu yake matse tsarkiya in yana so murya ta hau. A Birnin Kudu akwai duwatsun da in an buge su sukan yi amo kamar ƙararrawa, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya ba da labarinsu a shekarun 1950. Dutsen ne yake kaɗawa, ya kaɗa iska. Amsa-kuwwar da ake ji tsakanin duwatsun Garu kuwa, sauti ne ya bugi dutse ya komo, kamar yadda raƙumin ruwa yake komowa daga gaɓa. Sauti yana cin wajen mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa wajen kilomita 300,000. Dalili ke nan da muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa.

Abin da ya fi jan hankalin Young shi ne abin da ke faruwa in raƙuma biyu suka haɗu. In tozo ya gamu da tozo, sai su zama babban tozo ɗaya. In tozo ya faɗa cikin kwari daidai da shi, sai ruwa ya kwanta kamar ba abin da ya taɓa shi. Masu gyaran tsarkiyar gita a ƙungiyar mawaƙa sun san wannan da kunnensu. In tsarkiya ɗaya tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayar kuma sau 442, sai a ji sautin yana hawa yana sauka sau biyu a kowace daƙiƙa, gama wani lokaci raƙuman suna taimakon juna, wani lokaci suna kashe juna. Young ya yi bayanin wannan cikin takardar da aka karanta a Royal Society a Janairu 1800, ya kuma nuna kamannin da ke tsakanin sauti da haske.

Gardama da sunan Newton

A nan ne ya taka wutsiyar zaki. A Ingila ba wani masani da ake girmamawa kamar Isaac Newton, wanda ya rasu a 1727. Cikin littafinsa na 1704 a kan haske, Newton ya karkata ga cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne da suke fita daga rana ko fitila suna tafiya a miƙe. Wani masani na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya rubuta a 1690 cewa haske raƙuma ne, amma mabiyan Newton sun rinjaye shi. Suna da hujja mai ƙarfi. Muna jin maganar wanda ke bayan katanga, gama sauti yana kewaye kusurwa, amma ba ma ganinsa. In haske raƙuma ne, me ya hana shi kewayewa?

A 1801 aka naɗa Young farfesa a Royal Institution ta Landan. A watan Mayu na shekarar, yana nazarin gwaje-gwajen da Newton da kansa ya yi a kan launukan da ke fitowa tsakanin gilasai biyu da aka manna, sai ya ga cewa dokar haɗuwar raƙuma ta warware su sarai. Irin launukan ne muke gani a kumfar sabulu, ko a kan ruwan da man mota ya zuba a bakin garejin kanikawa. Wani kashi na hasken yana komowa daga saman siririn man, wani daga ƙarƙashinsa. Na biyun ya ɗan yi tafiya fiye da na farin. Saboda haka wani launi ya dawo tozo a kan tozo ya ƙara haske, wani ya dawo tozo a kan kwari ya ɓace.

Da ma'aunin Newton ɗin ya lissafta tsawon zangon haske. Ya samu cewa jan haske yana da raƙuma wajen 36,000 cikin inci ɗaya, shunayya kuwa, wadda take ɗaya gefen bakan gizo, wajen 60,000. Lissafin nan yana kusa ƙwarai da abin da aka sani yau. A ciki kuma amsar mabiyan Newton take. Zangon muryar mutum yana iya kai mita guda, don haka katanga ba ta tare ta. Zangon haske bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka kewayewarsa kaɗan ce ainun, sai an sa ido sosai ake ganinta.

Ran 24 ga Nuwamba, 1803, ya bayyana wa Royal Society gwajin da kowa zai iya yi a ɗakinsa. Ya huda ƙyauren taga, ya rufe ramin da takarda mai kauri wadda ya huda da allura, ya sa madubi a waje ya karkato hasken rana ciki. A tsakiyar siririn hasken ya tsai da wani tsinken kati wanda faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba. A cikin inuwar katin, inda ake zaton duhu kaɗai, sai ga layuka na haske da duhu, na tsakiyar kuwa fari. Da ya tare hasken da ke bi ta gefe ɗaya na katin, layukan duka suka ɓace. Ashe hasken gefe biyu ne suke haɗuwa, a wani wuri su ƙaru, a wani wuri su kashe juna. Haske a kan haske ya haifi duhu. Ƙwayoyi ba za su yi haka ba, gama hatsi a kan hatsi ba ya rage mudu. Cikin babban littafin laccocinsa na 1807 ya zana gwajin ramuka biyu da ke ɗauke da sunansa har yau, da kuma wani faranti mai gindin gilas da ya ƙera domin nuna haɗuwar raƙuman ruwa.

Ba'a da shiru

Maimakon yabo, sai zagi ya biyo baya. Wani saurayi lauya mai suna Henry Brougham, wanda daga baya ya zama shugaban alƙalan Birtaniya, ya rubuta sharhi masu zafi a mujallar Edinburgh Review a 1803 da 1804, ba tare da sa sunansa ba. Ya mai da aikin Young abin dariya, ya ce ba wani abin kirki a ciki, bai kuwa maimaita gwajin katin ya gani da idonsa ba. Dole mu faɗi gaskiya, Young ma yana da nasa laifin. 'Yan shekaru kafin nan ya taɓa rena wata takardar lissafi da Brougham ya rubuta, a fili cikin wata mujalla. Ban da haka, rubutunsa a dunƙule yake, laccocinsa kuma sun fi ƙarfin masu sauraro, har ya ajiye aikin farfesa a 1803.

Ya rubuta amsa cikin wani ɗan littafi, ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Kwafi ɗaya tak aka saya. Mujallar tana da masu karatu da yawa, shi kuwa likita ne mai neman marasa lafiya, kuma mutane ba sa son likitan da ake yi wa dariya. A 1804 ya auri Eliza Maxwell, suka zauna lafiya har mutuwa ta raba, ko da yake Allah bai ba su haihuwa ba. Ya mai da hankali ga aikin likita, ya zama likita a asibitin St George a 1811. Yawancin abin da ya rubuta bayan haka bai sa sunansa a kai ba. Amma bai janye ko kalma ɗaya daga abin da gwaji ya nuna masa ba.

Taimako daga Faransa

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Wani injiniyan hanya Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya fara binciken haske a 1815 ba tare da sanin aikin Young ba, ya kuwa iso ga doka guda, da lissafi mafi cika. A 1816 masana biyu na Faransa, François Arago da Gay-Lussac, suka ziyarci Young a garin Worthing. Suna cikin gardama a kan wanda ya riga wani, sai uwargidansa, wadda take zaune shiru, ta tashi ta fita, ta dawo da katon littafin 1807, ta buɗe shafin da zanen yake. Gardama ta ƙare. Fresnel ya amince cewa Young ya riga shi, su biyun kuma suka riƙa rubuta wa juna wasiƙa.

A 1817 Young ya rubuta wa Arago cewa mai yiwuwa raƙuman haske suna kaɗawa a gicciye ne, kamar igiyar da aka ɗaure a gindin itace ana kaɗa bakinta, ba gaba da baya kamar sauti ba. Fresnel ya tabbatar da haka daga baya. A 1819 Fresnel ya ci gasar Majalisar Masana ta Faransa. Ɗaya daga cikin alƙalan gasar, Poisson, ya lissafta cewa in maganar raƙuma gaskiya ce, to, za a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwar abu mai kewaye, abin da ya ɗauka ba shi yiwuwa. Arago ya gwada, sai ga ɗigon.

Sauran aikinsa da rasuwarsa

Young bai tsaya ga haske kaɗai ba. Shi ya ba da shawarar cewa ido yana da masu karɓar launi iri uku kawai, abin da aka tabbatar a ƙarni na ashirin, kuma a kansa talabijin mai launi yake aiki. Injiniyoyi har yau suna kiran ma'aunin taurin ƙarfe da katako da sunansa. Daga 1814 ya duƙufa kan rubutun Masar na dā da ke jikin Dutsen Rosetta, ya gane sunan sarki Ptolemy da sautin waɗansu alamu, ya buga sakamakon a 1819. Bafaranshe Champollion ne ya buɗe rubutun sosai a 1822. Daga 1818 kuma Young ne yake lura da littafin taurari da matuƙan jiragen ruwan Birtaniya suke dogara gare shi.

A kan gadon ciwonsa na ƙarshe yana ta gyaran ƙamus na harshen Masar da fensir, gama ba ya iya riƙe alƙalami. Ya rasu a Landan ran 10 ga Mayu, 1829, yana da shekara 55. Aka binne shi a majami'ar St Giles da ke Farnborough, aka kuma kafa allon tunawa da shi a Westminster Abbey, majami'ar da aka binne Newton.

Abin da ya biyo baya

A 1850 Foucault ya auna ya ga haske ya fi tafiya a hankali cikin ruwa, kamar yadda koyarwar raƙuma ta faɗa. A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna cewa haske raƙuman lantarki da maganaɗisu ne, Heinrich Hertz kuma ya haifar da irinsu marasa ganuwa a ɗakin gwaji a 1887 da 1888. Su ne raƙuman rediyo. In mai shela ya ce ana kama tasharsa a gajeren zango mita 49, tsawon zangon nan da Young ya auna wa haske yake nufi. Tashar FM da ke kan lamba 100 zangonta mita 3 ne. In da dare muryar gajeren zango tana zuwa tana komawa, sau da yawa raƙuman ne suka iso ta hanyoyi biyu suna ƙara juna suna rage juna.

Ba duk abin da Young ya zata ya tsaya ba. Ya ɗauka akwai wani siririn abu da ya cika sararin sama wanda haske yake kaɗawa a cikinsa, masana kuwa sun yar da wannan zato. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske yana zuwa ɗiɗɗigo kuma, ashe Newton ma yana da rabonsa na gaskiya. Amma gwajin Young bai faɗi ba. A 1961 an yi shi da ƙwayoyin lantarki a Jamus, layukan suka fito. A 2015 kuma, da haɗuwar haske biyu ne masana a Amurka suka fara kama raƙuman da karon baƙaƙen ramukan sama ya tayar.

'Yan'uwa, abin da muke so mu riƙe ke nan. Brougham yana da baki da mujalla da inuwar babban suna, Young kuwa yana da allura da tsinken kati da hasken rana. Wanda ya yi gwaji shi ya yi gaskiya, ko da yake sai da ya jira shekara goma sha biyar kafin a yarda. Ya kuma biya kuɗin kalmar reni guda da ya taɓa furtawa, darasi ne ga harshenmu duka. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, 'ya'yanmu kuwa suna tsoron darasin kimiyya kamar wani abin Turawa ne kaɗai. Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku cika daro da ruwa a tsakar gida, ku sa yaro ya riƙa taɓa ruwan da yatsu biyu a lokaci guda, ya duba inda ruwa yake tashi da inda yake kwanciya. In ya yi tambayar da ba ku da amsarta, kada ku kwaɓe shi, ku ce masa ya sake gwadawa. Allah ya ba 'ya'yanmu idon lura da haƙurin tsayawa a kan gaskiya. Amin.